Vera Brittain: 'Yar Sa-kai a Ɗakin Jinyar Abokan Gaba



A 1915 wata budurwa 'yar Ingila mai shekara 21, Vera Brittain, ta ajiye karatunta a kwalejin Somerville ta Jami'ar Oxford, ta shiga aikin jinya na sa-kai. Da ƙyar mahaifinta ya yarda ta shiga jami'ar tun farko, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashi ƙaninta Edward da saurayinta Roland Leighton, sai zaman aji ya gagare ta.

Ta fara a asibitin Devonshire da ke Buxton, daga nan aka kai ta asibitin soja na Camberwell a Landan. Kada ku zaci wani aikin alfarma ne. Yarinyar da ta tashi gidan masu hali, barori na yi mata komai, ita ce ta koma wanke fo, goge daɓe, da riƙe kwano yayin da ake ɓare bandeji daga raunin da ya ruɓe. Ƙwararrun nas-nas kuwa kallon 'yan koyo suke yi wa irinta.

A Disamban 1915 tana jiran Roland ya zo hutun Kirsimeti, sai waya ta zo: an harbe shi a Faransa, ya rasu. Ta koma bakin aiki. Ta yi aiki a Malta, sannan a 1917 aka tura ta babban asibitin soja na Étaples a gaɓar tekun Faransa.

A nan ne, a ganina, rayuwarta ta juya. Ɗakin da aka ba ta na fursunonin Jamus ne. Samari ne sa'o'in ƙaninta, wasu an yanke musu ƙafa, wasu ciki a farke, suna kiran iyayensu mata da harshen da aka koya mata ƙi. Tana ba su ruwa, tana sake musu bandeji, tana kuma sane cewa ƙaninta yana bakin daga yana ƙoƙarin kashe 'yan'uwansu. Daga baya ta yi jinyar sojojin Ingila da iskar guba ta ƙone wa fata da huhu, ta makantar da su. Wanda ya tsaya tsakanin waɗannan gadaje biyu, da wuya a sake ruɗarsa da kirarin yaƙi.

A Yunin 1918 aka kashe Edward a tsaunukan Asiago na Italiya. Abokansu biyu, Victor Richardson da Geoffrey Thurlow, sun riga shi rasuwa tun 1917.

Littafinta, Testament of Youth, ya fito a 1933 ya kuma samu karɓuwa ƙwarai. Amma a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ta fito fili ta la'anci ruwan bama-baman da ake yi wa biranen Jamus, sai zagi ya yi mata caa daga Ingila har Amurka. Bayan yaƙin aka gano sunanta cikin jerin mutanen da 'yan Nazi suka shirya kamawa in sun ci Ingila.