Jawabi a kan Ladabin Kusantar Naman Daji Bayan Ya Faɗi

   

Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, ku sani maganata yau a kan wani lokaci ne gajere, wanda sau da yawa bai kai tsawon alwala ba, shi ne tsakanin faɗuwar nama da sa mashi wuƙa. Cikin wanga lokaci maharbi shina iya rasa ransa, shina iya mai da halal mushe, shina iya ɗauko cuta shi kai ma iyalinsa cikin tukunya. Kaka ta wuce, an ɗebe amfanin gona, ciyawa ta bushe a fadamun Gulbin Zamfara, samari za su fita da karnuka da kere da bindiga. In sun komo, ku za su tambaya, su ce, "Malam, wanga nama ya ciwu?" Ya kamata amsa ta kasance a shirye, kuma ya fi kyau ku faɗa masu tun ba su fita ba.

Abin da nike so ku riƙe shi ne wanga: laifi biyu ke kama maharbi a wurin nan, gaggawa da jinkiri. Mai gaggawa ƙaho da kofato ke jiransa. Mai jinkiri kuwa ya azabtar da dabba, ya kuma ɓata namanta. Maganin duka biyu ɗaya ne, shi ne shiri tun gabanin harbi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mas'ala ta farko, a kan shiri.

Malaman mazhabarmu sun yi bayanin farauta filla filla. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya kawo hukuncinta cikin Risala, Shaihu Halilu kuma ya faɗaɗa cikin Muhtasar. Daga abin da suka tabbatar, wanda ya harbi nama bai tsaga makasarsa ba, sa'an nan ya iske shi da rai, wajibi ne shi yanka shi. In ya yi sakaci wajen binsa, ko wuƙarsa tana hannun wani da ya bari a baya, ko tana ƙasan burgami, har naman ya mutu shina cikin lalube, to ba a ci. Ku duba wanga hukunci, ya almajirai. Shari'a ta ɗora ma maharbi nauyin inda wuƙarsa take. Saboda haka shi wasa ta tun a gida, shi ɗaura kubenta ga ƙugu inda hannu zai kai ba da dubawa ba, shi ambaci sunan Allah sa'ad da zai saki kibiya ko kare ko harsashi.

Makasa kuwa biyar suka ƙidaya: tsinkewar laka, da watsewar ƙwaƙwalwa, da zubowar kayan ciki, da yankewar jijiyar wuya, da hujewar hanji. In makami mai kaifi ya sami ɗaya daga cikinsu, bisa niyya da ambaton Allah, naman ya halatta, yankan da za a yi bayan haka abin so ne domin a hutar da dabba. Game da bindiga, malaman baya sun yi saɓani, amma Shaihu Abdulƙadir Alfasi na ƙasar Maroko, wanda ya rasu a 1680, ya yi fatawa da halatta abin da harsashi ya kashe, domin shina huda jiki shina zubar da jini, kuma da yawa daga malaman Malikiyya sun bi shi. Abin da aka buge da kere ko gora, da abin da tarko ya shaƙe, waɗannan ba su ciwuwa sai an iske su da rai an yanka. Haka kibiya mai dafin kwankwani, irin ta maharban ƙasar Hausa tun kaka da kakanni: dafin nan zuciya shike kamawa, in naman ya mutu gabanin yanka, ba a san ƙarfe ya kashe shi ko dafi ba, to an bar shi. Mai harbi da dafi ya fi kowa bukatar kai hannu da wuri.

Mas'ala ta biyu, a kan bin sawu.

Maharban Turai da Amurka suna koya ma yaransu su zauna rabin sa'a ko fiye bayan harbi, su bar naman shi kwanta shi mutu don kansa. Wanga ya dace da su, domin yanka ba sharaɗi ba ne a gare su. Mu kuwa an hana mu sakaci. Amma rashin sakaci dabam, gudu da ka dabam. Abin da ya wajaba shi ne ka tashi nan da nan, ka riƙe wurin da naman ya tsaya da wurin da ya ɓace maka, ka sake ɗura bindigarka tukuna, sa'an nan ka bi. Mai bindigar toka ya san ɗurinta shina cin lokaci, albarushi da shara da harsashi, kuma ba a yin sa gaban dabba mai huci. Ka duba jinin da ke bisa ciyawa. In ja ne wur da kumfa, huhu ka samu, bai yi nisa ba. In baƙi baƙi ne gauraye da ƙazantar tumbi, ciki ka samu, zai shiga duhuwa shi kwanta da ƙarfinsa, can ne haɗari. Kada ka kutsa sarƙaƙiya da kai a sunkuye. Ku zama biyu, ɗaya shina duban ƙasa, ɗaya shina duban gaba. Ku sani kuma naman da ya ɓace ya kwana a dawa, aka same shi matacce da safe, mashahurin zance a mazhaba ba a ci, haka wanda ya faɗa ruwa ya mutu ciki ba a san abin da ya kashe shi ba. Don haka mai hankali ba shi harbi gab da magariba, ko bisa gaɓar gulbi mai zurfi.

Mas'ala ta uku, a kan kusanta.

In ka hango shi kwance, ka tsaya nesa kamar taki goma, ka zuba ido ga haƙarƙarinsa ko suna motsi. Ka duba idonsa. Dabbar da ta mutu idonta a buɗe shike, ya dushe, ba shi ƙiftawa. Wadda ta rufe ido ko ta kanne shi tana da rai, ko da ba ta motsi. Ka ji tsoron naman da ya faɗi tim nan take da harbi fiye da wanda ya yi gudu ya faɗi, domin sau da yawa harsashi ya gifta kusa da ƙashin baya ne ya sumar da shi, in ya farfaɗo sai shi zabura. Ka zo mashi ta bayan gadon bayansa, inda ƙafafu ba su kai ba, in wurin gangare ne ka zo ta tudu. Ka taɓa idonsa da doguwar sanda, in ya ƙifta ka san sauran aiki.

Kada ƙanƙantar dabba ta ruɗe ka. Gada ba ta kai akuya ba, amma ƙahonta kamar basilla shike, kofatonta kuwa shina tsaga hannu. Mazo in ya ji rauni shina juyowa kan kare da mai kare. Gwanki shina kaɗa ƙahoninsa masu lanƙwasa shi kai su har ga kafaɗarsa, ko shina durƙushe. Ɓauna kuwa, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai a dazuzzukanmu, ta shahara ko'ina cikin Afirka da komowa kan mai binta in ta ji ciwo. Na taɓa zama da wani tsohon maharbi wanda ya kware wandonsa ya gwada mini tabo daga gwiwa har cinya, ya ce mazo ne da ya ɗauka ya mutu, ya kama ƙafarsa zai ja. Layu goma sha ke ɗaure ga damtsensa ran nan. Tsoron da maharba ke yi ma babban nama in ya faɗi daidai ne, amma a sa shi inda ya dace, ga ƙaho da kofato, kuma dogaro ga Allah shina tafiya tare da riƙon sababi.

To, in ka iske mai ƙaho da sauran ƙarfi, ba ka iya kai wuƙa sai da kasada, shari'a ba ta ce ka jefa kanka ga halaka ba. Har yanzu shina cikin hukuncin naman da ba a iya kamawa sai da wuya, saboda haka ka ambaci Allah ka ƙara mashi harbi ga wuya ko bayan kafaɗa, bayan ka tabbata babu mutum ko kare a bayansa. Kada ka buge shi da gindin bindiga, domin sa'an nan bakinta kanka shike duba, kuma bindigar maƙera ba ta da amana. In ya raunana, ɗaya shi danne ƙaho, ɗaya shi yanka, bindiga kuwa a cire mata hula ko harsashi, a aje ta gefe bakinta shina duban dawa.

Mas'ala ta huɗu, a kan yanka da girmama dabba.

A kwantar da ita bisa gefen hagu, a fuskantar da ita alƙibla in ya yiwu, a yi niyya, a ambaci Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ta gaba, ba a ɗauke wuƙa sai an gama. Kada a fara fiɗa ko karya wuya ko yanke ƙafa sai ta yi sanyi. Abin da aka yanke daga jikin dabba tana da rai mushe ne. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa, a kan kyautatawa shike ko wajen kisa da yanka, kuma bai ware naman daji ba. Saboda haka barin karnuka su yi ta yagar barewa da ranta ana dariya, da taka wuyanta ana ɗaukar hoto da waya tana shure shure, duk wanga ya fita daga ladabi. Rai ne aka ba ka izinin ɗauka domin ci. Ka bar mai ciki da mai shayarwa, domin in ka kashe uwa ka kashe biyu. Hukuma ma ta sa hannu: an yi dokar kare namun daji ta Jihar Arewa a 1963, an yi ta tarayya a kan dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985.

A farautar taro kuma, raunin da mutane ke yi ma juna bisa gawar nama ba shi da iyaka. Zomo guda, wuƙa biyar a zare. Halilu ya warware wanga: nama na wanda ya riga sa hannu ne, in kuwa waɗanda duk suke da ikon kamawa sun yi ja in ja a kansa, a raba tsakaninsu. Ku karanta ma sarkin dawa da yaransa wanga hukunci gabanin a buga gangar fita. Kuma kun fi ni sanin halin da dajinmu ya shiga, ba mu manta da abin da 'yan bindiga suka yi ma ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Janairu 2022 ba. Ƙarar harbi tana kiran wanda ba ka so. Kada wani shi fita shi kaɗai, kada shi fita ba da sanin mai gari ba, in an yanka a ɗauka a bar wurin.

Mas'ala ta biyar, a kan abin da za a kai gida.

Ba sai na gaya ma mutanen ƙasar nan mene ne dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke cikin Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru cikin Bukkuyum, saboda niƙan dutsen zinariya cikin gidaje, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. To, ku sani harsashi da yawa da dalman nan ake yin sa. In ya bugi ƙashi shina farfashewa ƙanana ƙanana waɗanda ido ba shi gani, dahuwa kuwa ba ta kashe su. Jikin yaro ya fi na babba shan dalma, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Saboda haka a yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi, kamar faɗin tafin hannu kowane gefe, a binne shi, haka wurin da kibiya mai dafi ta shiga. Kada a ba yara da masu ciki naman wurin rauni da sunan kason yara.

Dabbar da ka tsinta matacce ba kai ka harbe ta ba mushe ce, kada ka buɗe ta, balle in jini baƙi shina fita ta hanci da dubura ba shi daskarewa, domin alama ce ta cutar da likitocin dabbobi ke kira antaraks, wadda ta bayyana a Suleja cikin 2023, tana kuwa kama mutum ta hanyar fiɗa. Dabbar dawa da ta zo maka ba tsoro, tana dalala, ka tuna da haukan kare. Yara masu bin ɓera in an sa ma dawa wuta, ku gaya masu zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, ɓera ke ɗauke da shi cikin fitsari da kashi da jini. Mai rauni ga hannu kada shi yi fiɗa, wanda ya yi kuwa shi wanke hannu da sabulu, a dafa nama shi nuna sarai.

Ya ku malamai, ku kai wagga magana zaurukanku da masallatanku tun ba a shiga tsakiyar rani ba. Ya ku almajirai, wanda ubansa ko wansa maharbi ne shi karanta mashi takardar nan da ladabi bayan sallar isha'i. Allah shi tsare masu fita, shi komo da su lafiya, shi ciyar da mu halal, shi ba ƙasar Zamfara zaman lafiya. Allah ne mafi sani.