Mai son barin giya, wa zai zauna da shi?

Masu sauraro, tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, mashayin giya a Gyadi-Gyadi ko Tarauni a ɓoye yake sha, a ɓoye yake wahala. Hannu na karkarwa da asuba, sai ya ce zazzaɓi ne. Asibitin Malam Aminu Kano na nan kan titin Zariya, likitocin ƙwaƙwalwa za su taimaka ya daina ba tare da jijjiga ta kayar da shi ba. To, bayan an sallame shi fa? A Amurka, tun 1935 ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke tara masu wannan fama, suna rufa wa juna asiri. Limamai da masu unguwanni, don Allah ku ba irin wannan zama ɗaki, kada a tambayi sunan kowa.