Gatari Da Amanar Ƙasa: Jawabin Da Aka Gabatar A Kongolam

  Ya 'yan'uwa Musulmi, maganata a yau a kan itatuwa ce, kuma zan fara da laifin da yake namu ne, mu masu wa'azi.

A da, akwai kuka da tsamiya a ƙasar Daura waɗanda ba wanda ya isa ya sa musu gatari, domin an ce iskoki na zaune a cikinsu. Har yanka ake yi a gindinsu. Muka tashi muka ce wannan shirka ne, kuma gaskiya muka faɗa, ba mu janye ko harafi ɗaya ba. Amma da muka cire wa mutane tsoron iska, ba mu tsaya mun dasa tsoron Allah a gurbinsa ba game da bishiyar nan. Sai wasu suka fahimci cewa tauhidi ya halatta musu sara. Wannan mummunar fahimta ce.

Shari'a ba ta bar bishiya ba mai tsaro. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A) cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Sayyidina Abubakar (R.A) ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba! To ina ga gonar maƙwabcinka a lokacin zaman lafiya? Sayyidina Umar (R.A) kuwa keɓe makiyaya ya yi a Rabaza domin maslahar jama'a, mu kuma burtali muke haɗawa da gona, sa'an nan mu yi mamakin faɗa da makiyayi.

Na san abin da wani zai ce: Malam, yunwa ce. Ban musa ba. Dattawan da ke zaune a nan sun ga farin 1973 da na 1984, sun san yadda magidanci yake sayar da itace ya auno hatsi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma, gidaje da yawa da suka koma gas sun dawo kan murhu da gawayi. Wanda ya sari reshe don tuwon iyalinsa, lalura ce. Amma mai cika mota da ɗanyen itace zuwa gidajen burodi, wannan fatauci yake yi da haƙƙin jikokinmu. Aya ta 41 a Suratur Rum ta jingina ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga aikin hannuwan mutane. Kada mu ce hamada ce ta zo da ƙafarta.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. Ku ƙetare iyaka zuwa Ɗan Barto, ku bi hanyar Matamaye, ku dubi gonaki. Gawo ne ko'ina. Ruwansu bai fi namu ba, rairayinsu irin namu ne, yarensu namu ne. Kun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya danne gero da inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su riƙe awaki. Masana tarihi sun ambaci cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ga mai sare gawo. Daga wajen 1984 kuma manoman Maraɗi suka kama abin da suke kira sassabin zamani: idan kututture ya yi toho, ba a ƙone shi, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rene su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kadada miliyan 5 a Nijar. Abin da ya ƙarfafa su shi ne manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce.

Don haka ina roƙon kowane reshe namu daga nan har Mai'aduwa abu biyu. Limamai su sanya wannan magana a huɗuba kafin sharar gona ta bana, ba bayan wuta ta ci toho ba. Sannan kowane ɗan'uwa mai gona ya bar kututture goma su tashi, 'yan agaji su zagaya su ƙirga bayan kaka. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina, ya zauna da mai ita a gaban shaidu biyu su rubuta wa zai mallaki itacen, domin a nan ne rigima take fara tasowa.