Jawabin Buɗe Baje Kolin Ayyukan Ɗaliban Sassaƙa da Aka Yaye



Jim kaɗan za mu shiga zauren nan, kuma na san tambayar da wasu iyaye za su yi in suka ga ƙarafa da gwangwanaye rataye a bango, babu mutum, babu doki, babu bishiya: wannan kuma hoton mene ne? Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma zan amsa ta da labarin El Anatsui.

An haife shi a 1944 a Anyako, yankin Volta na ƙasar Gana, ya yi karatu a Kumasi. A 1975 ya zo koyarwa Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, inda ya tarar da sashen zane a hannun Uche Okeke, wanda Zariya ta horar. Ya daɗe yana aiki da yumɓu da katako. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhu cike da murafan kwalaben giya da aka yar.

Ku dubi abin da ya yi da su. Ana miƙar da kowane murfi, a daddale shi, a huda gefensa, a ɗinke shi da ɗan'uwansa da siririyar wayar jan ƙarfe. Samari masu taya shi aiki sukan wuni a kan haka, har dubban murafai su zama falle-falle. Sai a baza su a ƙasa, shi kuma ya zagaya yana cewa a matso da ja nan, a kai baƙi can. In aka rataye aikin, daga nesa sai ka rantse alkyabbar sarki ce, tana walƙiya, tana lanƙwasa. Ka matso kusa, sai ka ga sunayen kamfanonin giya da kaifin alminiyon da zai iya yanka yatsa.

Ba don sha'awar giya ya riƙe murafan nan ba. Giya na cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musanyawa da bayi, bayin kuma aka sa su noman raken da ake yin wata giyar da shi. Wannan tarihi mai ɗaci yana cikin kayan aikin kansu, ba tare da an zana fuskar bawa ko ɗaya ba. Duniya kuwa ta gane. A 2007 ya lulluɓe gaban wani tsohon gini a birnin Venice na Italiya, a 2015 aka karrama shi a birnin da lambar Zakin Zinariya, a 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan.

Abin da ya fi burge ni shi ne sakin hannunsa. Yakan bar masu rataye aikinsa su lanƙwasa shi yadda bangonsu ya ba su, don haka aiki ɗaya ba ya fitowa da kama ɗaya sau biyu. Ba ƙaramin mai fasaha ke iya wannan yarda ba.

Iyayena, in kun shiga, ku tambayi yaranku daga ina suka samo kayan aikinsu, kuma me ya sa suka zaɓe su. Ku kuma 'ya'yana, ku amsa musu da Hausar da za su ji, cikin ladabi, don su suka biya kuɗin karatun nan. Ina roƙon hukumar makaranta ta bar zauren a buɗe bayan yau, domin 'yan makarantun unguwa da maƙeran gari su ma su zo su gani.

Allah ya yi muku albarka, ya sa hannuwanku su ciyar da ku. Da sunan Allah na buɗe wannan baje koli.