WANDA YA ZAƁI ALƘALI SHI YA YANKE HUKUNCI



Kowa a cikinku ya san in mai saye ne ya zo da mudunsa, mai sayarwa ya shiga uku. Haka sha'anin alƙali yake. In mai mulki shi kaɗai ke naɗa shi, ran da kuka yi shari'a da yaron mai mulki, an gama hukunci tun ba ku zauna ba.

Ku ji abin da ya faru a ƙasar Yukren. A 2018 majalisarsu ta yi dokar kafa kotu ta musamman domin shari'ar manya masu cin dukiyar jama'a. Amma wa zai zaɓi alƙalan, tun da hukumar zaɓen kanta mutane ba su amince da ita ba? Sai aka ɗauko masana shari'a 6 daga waje, shugabansu kuwa tsohon alƙali ne na Ingila.

Da farko gwamnati ta so su ba da shawara kurum, in an ga dama a ɗauka. Asusun Lamuni na Duniya, wanda ke ba ƙasar bashi, ya ƙi. Daga bisani aka shirya haka: duk mai neman kujerar da baƙin nan suka yi shakkarsa, ba ya wucewa sai 3 daga cikinsu sun yarda. Suka binciki dukiyar kowa, suka tambayi inda ya samo ta. Cikin mutum 113, kimanin 40 suka faɗi. A 2019 aka naɗa alƙalai 38.

To, akwai masu cewa wannan sayar da 'yancin ƙasa ne, musamman da yake mai bin bashi ne ya matsa. Ba mu raina maganarsu ba. Baƙo ma yana da ubangida, kuma ba shi zai zauna ƙarƙashin hukuncin ba.

Saboda haka ga matsayinmu. Baƙo ya tankaɗe, amma kada ya naɗa. A bayyana sunansa da wanda ya kawo shi. A yi tambayoyin a gaban jama'a, ba a ɗaki ba. A yanke masa wa'adi, kamar yadda dokar can ta yanke shekara 6, sa'an nan 'yan ƙasa su karɓi aikinsu.

In an zo muku da zancen gyaran kotu, ku yi tambaya ɗaya: wa ke da ikon cewa a'a? In mai naɗawa ne kaɗai, lalle ba a gyara kome ba.

Haza wasalam.