Moto da dare: kada gudunka ya wuce haskenka

  

Maganar da na zo da ita yau ta moto ce, wanda wasu ke kira babur. Kakanninmu jaki da doki da raƙumi suka sani. Yau babu garin da za ka shiga ba ka ji kukan moto ba. Da shi ake cin kasuwa. Da shi samari ke kabu-kabu suna ciyar da gida. In naƙuda ta kama mace tsakar dare, sau da yawa shi ke kai ta likita. Don haka ban zo in hana ku hawa da dare ba. Abu guda na zo in gaya muku: kada gudunka ya wuce haskenka.

Abin da ya same ni

Wata shekara da kaka na tafi duba makarantunmu na ƙauyuka. Na yi yamma. Mai masaukina ya ce in kwana, na ce a'a, gida ba nisa. Bayan isha'i na kama hanya, ga shi babu farin wata. Ina cikin gudu sai na ga wani baƙin abu gabana kamar bango. Ashe amalanken shanu ce, an lafta mata dammunan hatsi, ba fitila, ba komi mai haske. Na taka birki, amma wuri ya ƙure. Na kauce, tayar gaba ta shiga rairayi, na faɗi. Kafaɗata ta karye. Wata biyu ban riƙe alli ba. Kasken da ke kaina, wato hular kwano, ya tsage. Da babu shi, da kaina ne ya tsage.

Da farko mai amalanke na ɗora wa laifi. Da na kwanta jinya na yi lissafi, sai na ga rabin laifin nawa ne. Ku zo mu yi wannan lissafi tare a allo.

Lissafin birki

Mita ɗaya kamar babban taki ɗaya ne na namiji. Sakan ɗaya kuwa kamar tsawon faɗar bismillahi ne. A kilomita ɗaya akwai mita 1.000. A awa ɗaya akwai sakan 3.600.

Mutum yana gudun kilomita 60 a awa, wato mita 60.000. In muka raba 60.000 da 3.600, za mu samu kusan 17. Ke nan kowane sakan ɗaya yana cinye taki 17.

Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, akan yi kamar sakan ɗaya. Taki 17 sun tafi, birki bai ko fara aiki ba. Bayan ya kama, a kan kwalta busasshiya, moto zai ƙara taki 20 ko fiye kafin ya tsaya. 17 da 20, mun kusa 40.

To, fitilar ƙasa ta moto ba ta kan nuna maka abu fiye da taki 30 ba. In ta tsufa ko ƙura ta rufe ta, ba ta kai haka. Kana bukatar 40, kana ganin 30. Taki 10 sun rage. Waɗannan taki 10 su ne suka kai ni likita.

Yanzu mu ɗauki mai gudun kilomita 40. Sakan ɗaya, taki 11. Birki, kamar taki 10. Duka 21. Ya tsaya cikin haskensa, saura ma ya rage.

Ku riƙe wannan kuma: in ka ninka gudu sau biyu, tafiyar birki ninkuwa take sau huɗu. A hanyar jar ƙasa, ko rairayi, ko bayan ruwan sama, ta fi haka tsawo. In kun hau ku uku da buhu, nan ma ta ƙaru.

Wani zai ce: malam, ai sai in makara. Mu duba. Tafiyar kilomita 20 da gudun 60, minti 20 ce. Da gudun 40, minti 30 ce. Minti 10 ne tsakani. Wa zai sayar da ransa a kan minti 10? Tafiya sannu-sannu, kwana nesa.

Gobe da dare kowa ya gwada nasa. Ka tsayar da moto bayan gari, ka kunna fitila. Abokinka ya sa riga mai duhu, ya yi gaba yana ƙirga taki, har ka daina ganinsa sosai. Abin da ya ƙirga, shi ne haskenka. Ka rubuta shi a littafinka.

Abin da dare ke ɓoyewa

Babbar hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, har Difa. Kowa da kowa yana kanta: manyan motoci, motocin fasinja, moto, keke, amalanke, dabbobi, masu tafiya a ƙasa. Daren kasuwa ya fi kowane haɗari, kamar litinin da juma'a wajen Maraɗi, ko alhamis wajen Damagaram. Kowa ya gaji, kowa yana sauri gida.

Ga abubuwan da za ku sa wa ido:

Amalanke. Ba ta da fitila, kuma kayan da ke kanta sukan fi ta faɗi.

Dabbobi. Jaki yakan tsaya tsakiyar hanya, ko ƙaho bai dame shi ba. In ka ga saniya ɗaya ta ƙetare, ka san garke yana biye.

Babbar mota da ta lalace. Direbobi sukan jera rassan itace ko duwatsu a kan hanya. In ka ga ganye a kwalta, rage gudu nan take.

Mota mai ido ɗaya. Ka hango fitila guda, ka ce ɗan'uwanka mai moto ne, ashe mota ce da fitilarta ɗaya ta mutu. Kowace fitila ka hango, ka ba ta wuri kamar mota ce.

Ruwa. Da damina, Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba, Majiya ta wajen Tawa da ƙananan koramu sukan kawo ruwa ko da ba a yi sama a garinku ba. Da dare ba ka iya gane zurfinsa. Ka jira safiya.

Hazo da ƙura. Lokacin hunturu, in ka kunna fitilar sama, ƙura sai ta maido maka hasken a ido. Fitilar ƙasa ta fi.

Idon mai tuƙi

In mota ta dallare ka da fitila, idonka yakan ɗauki ƴan sakan kafin ya koma daidai. Ga dattijo abin ya fi daɗewa. Kada ka kalli fitilar. Ka dubi bakin hanya na hannun dama, ka rage gudu. Kai ma in ka hango wani, ka sauke taka fitilar.

Baƙin tabarau na rana ne. Da dare ka sa farin gilashi, don ƙwari da ƙura.

Akwai ciwon da muke kira dundumi: mutum yana gani da rana, magariba na yi ya shiga lalube. Sau da yawa rashin bitamin A ke kawo shi. Ana samun wannan bitamin a hanta, ƙwai, zogale, karoti da mangwaro. Mai dundumi ya tafi likita, kuma kada ya tuƙa da dare sai ya warke.

Barci ɓarawo ne. Manomin da ya wuni a gona, in ya fara hamma a kan moto, ya tsaya gari na gaba ya kwanta. Wasu samari suna shan tramol wai don kada su gaji. Tramol ba ya kashe gajiya, ɓoye ta yake yi. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, yakan kuma sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Giya ma haka take rage hankali. Uwa, in kin ga ɗanki ya sha wani abu, ki ɓoye makulli.

Kafin ka tashi

Ka goge gilashin fitila da tsumma. Ka duba jar fitilar baya, don ita ke gaya wa direban babbar mota kana nan. Kwan fitila bai kai kuɗin kwana ɗaya a likita ba. Ka gwada birkin gaba da na baya. Ka duba iskar taya da man tanki. Ka sa farar riga, ko mai ƙyalli. Ka sa kaske, ka ɗaure igiyarsa, wanda ka goya shi ma haka. Kasken da ke rataye a hannun moto ba ya tsare kan kowa.

Iyayena mata, in za a goya ku, ku tattara zane da hijabi, kada su shiga ƙafar baya.

Masu amalanke, ku ma da naku. Ku manna leda mai ƙyalli, irin ta bayan manyan motoci, ko ku rataya tocila a baya. Ku bi gefen dama. Kada ku bar yaro shi kaɗai yana barci, shanu na jan kansu.

Doka da tsaro

Kun san ɓarayin shanu da masu satar mutane da moto suke yawo, musamman wajen iyaka, kamar ƙasar Madarunfa da Gidan Runji. Saboda rashin tsaro hukuma ta hana hawan moto a jihar Difa a 2015. Ranar 1 ga Janairu 2020 aka yi haka a wurare da dama na jihar Tilaberi, dare da rana. Irin wannan doka takan canza. Kafin ka yi tafiya mai nisa, ka tambayi mai gari ko jandarma, ka saurari rediyo.

Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, da permi, da takardun moto. In jami'an tsaro suka haska maka tocila, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke fitila, ka tsaya. Kada ka juya da gudu cikin duhu. Ka gaya wa na gida hanyar da za ka bi, kuma in da hali ku tafi moto biyu.

In haɗari ya auku

Da farko a tsayar da mutum da tocila can nesa, gaba da baya, kada wata mota ta zo ta ƙara ɓarna. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a ba wanda ya ji ciwo ruwa ko fura. In yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi hannu da ƙafa, kada a zaunar da shi kan moto. A kwantar da shi kan katako ko ƙyaure, kai da wuya a miƙe, a nemi mota. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana tafiya, a kai shi likita daren nan, don jini yakan zuba a ciki ba a gani.

Jama'a, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a rahotonta na 2023, mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. In aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara. Mukan ce ƙaddara ce. Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma malam liman yana nan, zai gaya muku an hore mu da yin sababi. Goge fitila sababi ne. Rage gudu sababi ne.

Ga aikin gida. Mutum yana da hasken taki 25. Da gudun 60 zai tafi, ko da 40? Ku rubuta amsa da dalili, ku kawo wa malaminku. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa ƴan kabu-kabu wannan jarida a tasha.

Allah ya kai kowa gida lafiya.