WUSASA, GARIN DA YA YAYE IYAYENMU
(Jawabin da aka gabatar a ranar bikin cika shekara hamsin)



Kwamitin biki ya ɗora mini nauyin in faɗi wani abu game da tarihi. Da na zauna na duba waɗanda suka ɗauki ƙasa da ruwa a kansu suka ta da wannan majami'a shekara hamsin da suka wuce, sai na ga yawancinsu Wusasa ce ta yaye su. Saboda haka a kan Wusasa zan yi magana. Akwai kuma abin da ya tsikare ni. Kwanan baya na je wani ofis neman takarda, wani saurayi ya dubi sunana, ya ji Hausata, ya ce, "Baba, kai ɗan wace ƙabila ne na ainihi?" Na ce ni Bahaushe ne. Ya yi dariya, ya ce ai babu Bahaushe Kirista. Ban ji haushinsa sosai ba, don da na koma gida na tambayi jikokina inda kakanninsu suka fito, su ma ba su sani ba.

Wusasa ƙaramin gari ne a yamma da birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. Wurin ya daɗe da mutane. Masu tarihin Zazzau suna cewa an zauna a Turunku, an zauna a Kufena, kafin a kafa birnin da muka sani yanzu, kuma har yau wanda ya zaga zai ga kufan tsohuwar ganuwa. Muna yara tsofaffi kan hana mu hawa dutse da tsakar rana, wai lokacin iskoki ne. Mu kuwa mukan hau a ɓoye, mu dawo da ƙaya a ƙafa, a gane, a ba mu kashi.

Labarinmu ya faro tun kafin Bature ya zo. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda cikin karatunsa na Alkur'ani ya riƙa lura da girman da aka ba Annabi Isa, har ya shiga koya wa almajiransa haka. Aka kashe shi a Kano saboda wannan koyarwa. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi duwatsun Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Ba su da Linjila a hannu, ba su taɓa ganin majami'a ba, amma suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu suna jiran wanda zai kawo cikon labarin. Ina roƙon matasa su riƙe wannan da kyau, domin duk wanda ya ce muku Turawa ne suka fara sa Bahaushe neman Almasihu, ga amsarsa.

A cikin 1900 ne Likita Walter Miller, wanda iyayenmu ke kira Likita Mila, ya iso ƙasar Hausa tare da Bishof Tugwell a ƙarƙashin ƙungiyar C.M.S. A Tarabulus ya fara koyon Hausa. Suka kai Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku. A 1905 Mila ya shiga cikin birnin Zariya, ya buɗe wurin ba da magani da 'yar makaranta. A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa, daga nan aka kafa musu zama a Gimi, inda Rabaran Thompson, baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, ya zauna tare da su. Gimi ta yi albarka da farko, aka yi noma, aka yi karatu. Sai ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya faɗa wa garin, ya ci mutane da yawa, har dole waɗanda suka rage suka tashi. Kakata ba ta taɓa ambaton Gimi ba tare da ta yi shiru na ɗan lokaci ba.

A 1929 aka fitar da aikin mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, Rabaran Guy Bullen na jagora. Shi Mila bai so wannan ƙaura ba, ya koma Kano. Amma aikin da ya fi daɗewa a kansa ya fito a 1932, wato cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya yi tare da waɗansu masu bishara da malaman Hausawa.

Majami'ar St. Bartholomew ta farko ita ce abin da nake so kowa ya je ya gani da idonsa. Da tubali da ƙasa da azara aka gina ta, magina Hausawa suka ɗaure bakan rufinta irin yadda ake yi wa soron sarakuna, sana'ar nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi suna da ita a Masallacin Juma'a na Zariya. In ana zafin bazara ka shiga ciki, sai ka ji sanyi kamar randa. Iyayenmu ba su ga wani dalilin da zai sa ɗakin Allah ya yi kama da na Ingila ba. Mu ne yanzu muke jin kunyar ginin ƙasa.

Daga makarantar Wusasa da asibitin St. Luke aka sami mutanen da ƙasa ta amfana da su. Likita R.A.B. Dikko shi ne likita na farko ɗan Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Malam John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon, ɗan Angas ne, amma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Wannan ma halin garin ne: Bafulatani, Ba'angashe, Bayarabe, kowa ya zo ya zama ɗan gida, Hausa ta haɗa su.

Al'adunmu kuwa ba mu yar da su a ƙofar majami'a ba. Abin da ya shafi tsafi da bori aka bari, sauran aka riƙe. Ana gayya a gonar gwauruwa da ta marar lafiya. Ana sa amarya a lalle, a yi kamu, a kai gara, sa'an nan a ɗaura aure gaban limami. Yaro na da sunansa na Littafi, Bulus ko Rifkatu, yana kuma da na rana, Ɗanladi ko Asabe. Da dare a shimfiɗa tabarma a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a rufe da addu'a. Ranar godiyar kaka ba ambulan ake kawowa ba, damin dawa ne da gero da kaji, har bagade ya cika. Da Kirsimati mu aika wa maƙwabtanmu Musulmi tuwo da nama, da Sallah su aiko mana, don a gidaje da yawa wa Musulmi ne, ƙane Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya.

Roƙona ga kwamiti guda biyu ne. Tsofaffin da suka ji labarin Gimi daga bakin waɗanda suka zauna can sun kusa ƙarewa, a cikinmu nan ban ƙirga fiye da yatsun hannu ɗaya ba. A sa matasa su bi su gida gida da waya, su ɗauki maganarsu, a rubuta kafin damina ta kewayo. Na biyu, ajin karatun Hausa da aka daina a makarantar Lahadi, a maido da shi. Ni na ɗauki alkawarin koyar da ajin farko, in Allah ya ba ni lafiya.